An Tsame Naman

Shafi na 27

Da sunan Allah na buɗe shafin yau. Masu cika min waya da "Anti kin fiye jan rai", ku sarara min haka nan, ga shi na kawo. Ke kuma baiwar Allah da kika rantse Surayya ba ta da laifi ko kaɗan, ki gyara zama, ni da ke ne yau.

*

Surayya na tsaye a kan tukunyar miyar taushe aka buga ƙofa. Masu zuwa cin tuwo a gidan nan a hankali suke ƙwanƙwasawa, don kada maƙwabta 'yan Sin su gane ana sayar da abinci a saman bene. Wannan kuwa bugu ne na wanda ya zo neman rigima.

Alhaji Munkaila, mai saro takalma a kasuwar Zhanxi, shi kaɗai ya rage a kan tabarma. Ya tsaya da loma a hannu.

"Hajiya, ko masu gadin bene ne?"

"Masu gadi ba sa zuwa da azahar, barci suke yi."

Tana buɗewa ta yi arba da Manjit, 'yar Baba Kulwant Singh, dattijon Ba'indiyen nan mai rawani da farin gemu wanda Ghali mijin Surayya yake duba wa jakunkuna a masana'antun Shiling. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a masaƙa a Kano, a Bompai aka haifi Manjit, don haka Hausar bakinta ta fi ta wasunku da ke karanta wannan. Ba ta daɗe da sauka daga Indiya ba, ganin ubanta ta zo.

Kuma kada ku manta a inda muke, birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Shekarar wasannin Olamfik ce, ana ta kwashe baƙi ana mayar da su gida, bizar Ghali kuma a ƙarshen makon nan za ta mutu. In Baba bai buga masa hatimin kamfaninsa ba, shi da Surayya sai Kano, da akwatunan kayan sawarsu kawai.

Manjit na riƙe da kular da aka aika wa Baba da rana. Ɗaya hannun a dunƙule.

"Ke ce Surayya?"

"Ni ce. A garinku ba a sallama?"

Manjit ta buɗe hannu. Wani ɗan guntun abu ne fari, bai kai farce ba.

"Mene ne wannan?"

Surayya ta leƙa. "Ƙashi ne."

"Na san ƙashi ne, ba karatu na zo ɗauka ba. Me yake yi a miyar babana?"

"Au, a kan wannan kike neman karya min ƙofa? Kuɓuce min ya yi. Kullum sai na tsame naman tas kafin in zuba masa, har tacewa nake yi."

Manjit ta sunkuya. Ta ajiye kular a ƙasa a hankali.

"Kullum?"

"Kullum."

"A tukunya ɗaya da naman?"

"To tukunya nawa kike so in ɗora a wannan kicin da ko juyawa ba a yi? Miya babu romo ai ruwan wanke-wanke ce. A gidan nan meyo, in ji 'yan Sin, babu ita!"

"Tun yaushe?"

"Tun da ya fara cin girkina. Tun bara kafin azumi."

"Babana bai sa nama a bakinsa ba tun kafin a yaye ni."

"Ai har yanzu bai sa ba," in ji Surayya. "Romo ne."

Ni kaina da nake ba ku labari sai da na dafe kai. Amma ku faɗi gaskiya, mu nawa ne aka ce mana baƙo ba ya cin nama, muka tsame tsokar muka miƙa masa kwano da zuciya ɗaya? Haka muka tashi muka ga ana yi.

Surayya ta ga fuskar Manjit ta canza, sai ta sassauta murya, a ganinta za ta kwantar mata da hankali.

"Ke, saurara. In tsoron ƙazanta kike yi, ki cire shi. Halal ne. Wurin Musulmin Sin nake saye, mahaucin nan mai farar hula na ƙasan gada. Yankan Musulunci, da bisimilla, a gabana. Ba irin na mutanen garin nan ba, masu cin kwaɗi da maciji da duk abin da ya motsa."

Manjit ta ja baya har ta bugi bango.

"Waheguru," ta ce, sunan da suke kiran Ubangiji da shi ke nan. "Yankan Musulunci kika ce?"

"Da bakina."

"Da kin ce min a kasuwar masu kwaɗin kika saya, da ya fi min sauƙi."

Alhaji Munkaila ya saki lomarsa cikin kwano. "A'uzu billahi."

Surayya kuwa ji ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Me kika ce? Maimaita!"

"Kin ji ni."

"A cikin ɗakina? Naman da aka ambaci sunan Allah a kansa shi ne ya fi kwaɗo muni?"

"A wurin babana, e."

"Ƙarya kike yi! Ni za ki yi wa wayo? Da idona na ga yayanki Harjit da ya zo bara yana yagar kaza har da tsotse ƙashi. Shi ba addininku yake yi ba?"

"Harjit yana ci. Mijina ma yana ci."

"To!"

"To me? Ku duk abu ɗaya kuke yi? A cikinmu akwai masu cin nama, akwai waɗanda ko ƙwai ba sa taɓawa, manyanmu har yau suna musu a kai. Masu cin ma sai wanda aka sare wa kai da sara ɗaya. Amma babana ya sha ruwan alkawari, ya tsaya gaban dattawa biyar ya ɗauki wa'adi. Wanda ya yi haka abu huɗu ne ba ya kusanta har ya mutu. Aske gashi, taba, zina, da naman da aka yanka irin yankanku."

Surayya ta cire ludayin daga tukunya ta nuna ta da shi, miya na ɗiga a ƙasa.

"Kin jera yankan Musulunci a layi ɗaya da zina?"

"Ba ni na jera ba, haka na tarar."

"Fita daga gidana!"

"Ba inda za ni. Ki amsa min wannan tukuna. In Harjit ya sare kan rago da sara ɗaya ya dafa ya kawo miki, za ki ci?"

"Allah ya kiyaye! Mushe ne!"

"To."

"Ba ɗaya ba ne!"

"Don wannan naki ne?"

Maƙwabciyarsu 'yar Sin ta bubbuga bango daga ɗaya gefen. Alhaji Munkaila ya miƙe yana lasar yatsu.

"Hajiya, don girman Allah ku rage murya. In matar nan ta kira masu gadi, ni fasfona ma yana otal."

Babu wadda ta kalle shi.

Manjit ta matso. Yanzu ba ihu take yi ba, kuma hakan ya fi ihun zafi.

"Kin tuna alewar da babana ya kawo miki daga wurin ibadarmu na Hong Kong?"

Surayya ta ɗauke kai.

"Fulawa ce da man shanu da sukari, babu komai ban da su. A wurinmu da hannu biyu ake karɓarta. Ya hana kansa rabonsa, ya riƙo ta a jirgin ƙasa, ya ce zai kai wa 'yarsa ta Kano. Ina kika kai ta?"

"Na ba yara."

"Waɗanne yara? Ya gan ta a kwandon shara na bakin lif, a cikin hankicinsa da ya naɗe ta. Ko hankicin ba ki cire ba."

Surayya ta ce, "Abin da aka yi wa addu'ar wani addini ni ba zan ci ba. Ba raini ba ne."

"Haka shi ma ya ce min a waya. Ya ce addininta ne, ba a tilasta wa mutum abin da zai haɗiya. Bai taɓa yi miki maganar ba, ko ya yi?"

Surayya ta mayar da ludayin cikin tukunya.

"Ke kin samu damar zubarwa domin ya gaya miki mece ce. Shi wa ya gaya masa abin da yake ci?"

Surayya ta juya mata baya. Haushi ne ya cika ta, na Manjit da na kanta, ta rasa wanda za ta fara saukewa.

Sai ga mukulli a ƙofa. Ghali ne, ya dawo daga Shiling, rigarsa duk warin gam. Yana ganin Manjit ya washe baki.

"A'a, manyan baƙi! Surayya, ba ki ba Anti wurin zama ba?"

Manjit ta miƙa masa ƙashin a tafin hannu. Murmushin ya ɓace.

"Baba ya gani?" Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan.

"A bakinsa ya tsinta."

"Innalillahi."

"Yana tafe. Gwiwarsa ce ta sa na riga shi."

Ghali ya juya kan matarsa kamar an tsikare shi.

"Surayya! Me kika yi?"

"Me na yi?"

"Nama a abincin Baba? Kin haukace ne?"

Ta zuba masa ido. "Abban Hafsah, ni kake tambaya?"

"Ke nake tambaya! Sau nawa zan gaya miki?"

Kafin ta amsa aka ji ƙarar sanda a bakin ƙofa. Baba Kulwant ya shigo, rawaninsa shuɗi a naɗe tsaf, idanunsa sun yi ja. Ya cire takalmi kamar yadda ya saba, ya yi musu barka da rana, har Alhaji Munkaila sai da ya gaisar. Ghali ya yi tsalle ya jawo kujera.

"Baba zauna, Baba. Wallahi yanzu nake shigowa, yanzu nake jin wannan abin kunya."

Baba ya zauna. Bai kalli tukunyar ba.

"Ghali."

"Na'am, Baba."

"Ranar da ka ce matarka ta iya taushe irin ta Fagge, muna mota a hanyar Shiling. Ka tuna?"

"Na tuna, Baba."

"Me na ce maka?"

Ghali ya sosa ƙeya. "Ka ce ba ka cin nama."

"Shi ke nan abin da na ce?"

"Ka ce... ko ruwansa. Ka ce musamman yankanmu. Ka ce kada in ji haushi, doka ce a kanka kamar yadda alade yake a kaina."

Surayya ta juyo a hankali ta kalli mijinta. Yau ta fara jin wannan maganar.

"Kuma na faɗa mata, Baba," Ghali ya ci gaba da sauri. "Kalma bayan kalma na faɗa mata. Ka san halin mata da ganganci, ka ce musu gabas su yi yamma. Ni ba na shiga kicin, ina zan san abin da take zubawa?"

Ku lura da kyau, jama'a. Mutumin da ba ya iya cewa ana zafi sai ya haɗa da wallahi, a wannan maganar bai saka ta ba. Ni dai Ghali ya gama fita daga raina.

"Ka ji ko, Papaji?" in ji Manjit, haka take kiran ubanta. "Ta sani ta yi. Tashi mu tafi."

Baba ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da hatimin kamfani, ɗan ƙarami mai jan baki, ya ɗora a kan gwiwarsa. Idon Ghali ya manne a kai.

"Yau na yi niyyar mu gama maganar bizarka," in ji Baba. "Da shi na fito tun safe."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

"Bari godiya tukuna. Addinina ba ya kama wanda ya ci bai sani ba. Amma ni na san abin da ya shiga cikina, kuma da wannan farin gemun zan je in tsaya gaban dattawa in faɗa da bakina. Wannan nawa ne, ba naku ba."

Muryarsa ta ɗan karye. Ya tsaya ya gyara ta.

"Naku shi ne wannan. In ka faɗa mata ta ƙi ji, laifin tukunya ne. Zan daina cin abincin gidan nan, in buga maka hatimi, mu ci gaba da aiki. In kuwa ba ka faɗa mata ba, to kai ne kake ɗauko kular nan da hannunka, ka ajiye a gabana, ka zauna kana kallona ina ci kana cewa Baba ƙara. Kai nake aikawa Shiling. In ka ce min jaka fata ce, ba na shinshinawa, yarda nake yi. Ba zan sa sunana a kan mutumin da ya yi min haka ba."

"Baba, na faɗa mata!"

"Na ji naka."

Ya juya ga Surayya.

"'Yata."

Kalmar ta soke ta. Ta sunkuyar da kai.

"Na zauna da Kanawa, na san wanda yake wasa da rantsuwa da wanda ba ya yi. Ke ba kya yi. Ki ce wallahi, ki gaya min. Ya faɗa miki?"



Ghali ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Maman Hafsah. Ki tuna inda muka fito."

Ta tuna. Ɗaki ɗaya a gidan yayansa a Kurna, da matar yayan mai ƙirga musu cokalin mai. Ta tuna kuma yanzun nan, a gaban baƙi, ya ce ta haukace.

Alhaji Munkaila ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Hajiya, a rufa wa juna asiri dai. Miji miji ne."

"Alhaji, ka ci ka ƙoshi?" in ji Surayya ba tare da ta kalle shi ba.

"Na ƙoshi."

"To a sauka lafiya."

Bai tafi ba. Wa zai tafi?

Abu ne mai sauƙi. Ta ce e, ya faɗa min, na manta. Baba ya buga hatimi, su zauna a Guangzhou, ita kuma ta zama matar da ta san dokar tsoho ta taka da gangan. Ta kalli Ghali, ya haɗa hannu biyu a ƙirji yana roƙonta da ido. Ta kalli Baba, shi ba ya roƙon komai.

"Wallahi, Baba..."

"Surayya!" in ji Ghali.

"Wallahi bai faɗa min ba. Cewa ya yi tsufa ne, cikinka ba ya ɗaukar nama. Na tambaye shi ko in riƙa ɗora maka 'yar tukunya daban. Ya ce ɓata gas ne. Ya ce in tsame kawai, ina za ka sani."

"Kin kashe mu!" Ghali ya daki bango da tafin hannu. "Kin kashe mu, Surayya! Kin ji daɗi? Sai ki je Kurna ki ci gaskiyarki!"

"Kai ka kashe mu tun a mota! Ni ka mayar bola, ka kwaso ƙazantarka ka zuba min a gaban mutane? Ka ce na haukace? Ka ce halin mata?"

"Don wa nake yi? Ba don ke da 'yarki ba?"

"Don mu ka ciyar da tsoho abin da ya roƙe ka kada ka ba shi?"

Maƙwabciya ta sake dukan bango, wannan karon da wani abu mai nauyi. Manjit ta kama hannun ubanta.

"Papaji, ya isa. Mu tafi."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya dogara sandarsa. Ghali ya zube a ƙasa ya kama ƙafar wandonsa.

"Baba, ka yi min rai. Kuskure ne. Na ga kana son miyar, na ga kana ramewa da biredi da shayi, na ce..."

"Sake ni, Ghali."

Ya sake shi.

Baba ya taka har bakin ƙofa, Alhaji Munkaila ya matsa masa. Ya sa takalmi ɗaya. Sai ya tsaya, hatimin na hannunsa bai mayar aljihu ba. Ya juyo.

"'Yata, kin san abin da gaskiyar nan za ta ja miki, kika faɗa. Ban taɓa ganin an yi min haka a kasuwa ba. Shi ba zan buga don shi ba. Amma don ke, zan iya."

Ghali ya ɗago kai da sauri.

"Papaji!" in ji Manjit.

"Yi shiru, Manjit." Bai ɗauke ido daga kan Surayya ba. "Tambaya ɗaya ta rage, kuma har yanzu a kan rantsuwarki kike. Da ya ce miki ina zan sani, ke me kika ce masa?"

Surayya ta buɗe baki.

Ta tuna ranar sarai. Tana yanka kabewa ne, a tsaye a nan inda take yanzu. Ba ta ce masa komai ba.

Dariya ta yi a ranar.

"Ina jin ki, 'yata," in ji Baba.